Taku Goma Sha Huɗu

Daga falo zuwa gadon Bappa
taku goma sha huɗu ne, na ƙirga,
har da kwanar bayan randa.
Tun da ƙafa ta ƙi shi a tsakiyar damina
bai sake zama gaban garmahonsa ba,
wanda ya saya da kuɗin auduga
shekarar da aka haifi Adda Dudu.

Na ce abin ai mai sauƙi ne.
Garmaho ya zauna inda ya saba,
teburinsa ya riga ya yi saiwa a siminti.
Na kinkimi amfilifaya da lasifika na kai ɗaki,
na auno waya a Tsohuwar Kasuwa, yadi goma sha biyu,
na bi da ita gindin bango,
ta bayan firji, ta ƙarƙashin labule,
kafaɗa da kafaɗa da wayar fanka.

Na saukar da allura, na ruga in ga fuskarsa.
Ya lumshe ido. Ya buɗe.
Ya ce, wa ya sa wa mai gogen nan mura?
Ina cakin?
Yarinyar nan da muryarta ke yanka kamar reza,
yau a cikin tulu take waƙa?
Ga kuma wani ƙugi ƙasa-ƙasa,
kamar zuma ta yi gida a rufin kwano.

Na zargi allura. Na zargi ƙura.
A raina har kunnen tsoho na zarga.

Yila mai gyaran rediyo ya zo daga Herwagana
da sukudireba a bayan kunne.
Bai taɓa faifai ba.
Waya ya bi da yatsa, a duƙe,
kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya,
ya miƙe yana dariya.

Ya ce, abin da allura ke tsinta a ramin faifai
bai kai numfashin jinjiri ba,
kai kuma ka aike shi Kumo a ƙafa.
Kowane taku waya na lasar rabonta,
kuma sirara take fara sha:
caki, bakin tsirkiya, kaifin harshe.
Ka taɓa ban ruwa a kwari mai rairayi?
Na ƙarshen lambu laima kawai yake gani.
Doguwar hanya kuwa ba ta rasa 'yan rakiya,
firji ya sa baki, fanka ta sa baki.

Daga garmaho zuwa amfilifaya, kamu biyu, kada ka ƙara.
In sauti ya ci ya ƙoshi a can,
aike shi duk inda ka so;
wayar lasifika ta yi tsawo, ba laifi, in dai kakkaura ce.
Mai da amfilifaya falo, magana ta ƙare.

Bappa ya ɗaga hannu daga kan gado.
A'a. Ku kawo mini shi nan.
Ina so in ga yana juyawa.

Mu biyu muka ɗauko teburin,
Yila ya sa kwalin ashana a ƙafar da ke rawa,
ya ɗaure 'yar wayar ƙasa a kusarta,
zumar ta tashi.
Caki ya dawo kamar yayyafi a kan kwano,
mai goge ya warke.
Bappa bai ce komai ba,
babban yatsan ƙafarsa mai lafiya ne ya amsa.

Fuskar faifai minti ashirin ce,
dole wani ya zauna ya juya ta.
Ni da nake ɗaga murya daga falo,
Bappa ya jiki, in wuce shago,
yanzu kujerata kamu biyu ce daga matashinsa.
Daga nan ina jin abin da yake faɗa a ƙasan maƙoshi,
sunan wata tasha, sunan wani direba,
bashin da ya yafe bai gaya wa kowa ba.

Sauran wayar, Goggo ta ɗaure ta
daga bishiyar gwaiba zuwa tagar kicin.
Ta ce ba ta taɓa samun igiyar shanya
mai kyan wannan ba.